Murfin Rami da Akuyar Ciyaman

Abu biyu aka wayi gari babu su a unguwar: murfin ƙarfen da ke kan tsohon ramin bayan makaranta, da farar akuyar Ciyaman mai dogayen kunnuwa. Kafin rana ta yi zafi, duk mai ƙafa ya je ya leƙa ramin, ya yi tsaki, ya faɗi ra'ayinsa, ya kuma tattake duk wani sawu da ɓarawo zai iya bari. Sai da suka gama wannan aikin alheri tukuna wani ya tuna cewa ya kamata a kira Mai Sawu.

Unguwar a kan tsohon filin haƙar ma'adinai take zaune. Kamfanin da ya yi haƙar ya daɗe da naɗe tabarmarsa, ya bar ƙarƙashin ƙasa duk ramuka da hanyoyi kamar gidan gara. A cikin ramukan nan Mai Sawu ya ci ƙuruciyarsa, da ya tsufa kuma sai suka ci gaba da ciyar da shi ta sama. Duk mai son gina gida shi yake kira ya duba masa fili, kada mutum ya kwanta a ɗaki ya farka a ƙarƙashin ƙasa. Yakan gane tsohon rami daga launin ciyawa, da inda ƙasa ta ɗan lotsa, da inda raɓa take daɗewa ba ta bushe ba. In tunkiya ta ɓace ko an ɗauke keke, shi ne dai. A watan da ya wuce ma shi ya zagaya da 'yan kwamitin unguwa ya nuna musu ramukan da ke buɗe, aka sa Mai Walda ya yi wa kowanne murfi.

Ya iso yana dogara sanda, ya tarar da ramin baki buɗe, an kewaye shi da rassan ƙaya. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafafun jama'a, ya girgiza kai.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Ko giwa ce ta ɗauki murfin nan, kun rufa mata asiri."

Ciyaman, shugaban kwamitin, bai yi dariya ba. Akuyar nan da sabulu ake mata wanka, kuma an ce ta fi wasu 'ya'yan gidan samun gaisuwa da safe.

"Ba sai mun wahalar da kai ba, Baba Mai Sawu," in ji shi. "Tambaya ɗaya ce. Wa ke sayen ƙarfe a unguwar nan?"

Kowa ya san amsar. Idanu suka juya wajen Mai Gwangwan, wanda ke tsaye can gefe da hannuwa duk tsatsa. Shi ne kuwa mijin Auta, 'yar Mai Sawu ta ƙarshe.

"Ni tsohon ƙarfe nake saye, ranka ya daɗe," Mai Gwangwan ya ce a hankali. "Wannan kuwa sabo ne."

"Kun ji ko? Har ya san sabo ne," in ji Ciyaman.

Jama'a suka yi guna-guni, wasu na cewa lallai biri ya yi kama da mutum. Ko Barkono mai kayan miya, tsohon abokin aikin Mai Sawu a cikin rami, wanda ba a taɓa taro bai fi kowa ɗaga murya ba, yau bakinsa a rufe yake. Ciyaman ya yanke cewa kwamiti zai zauna da yamma a harabar makaranta. In murfi da akuya ba su fito ba, za a rufe filin gwangwan, mai shi ya nemi wata unguwar.

*

A gida Mai Sawu ya tarar da matarsa, wadda yake kira Tsohuwa tun ba ta tsufa ba, tana yanka tumatir, Auta kuma na zaune kusa da ita da jajayen idanu.

"Baba, ya ce ba zai tsaya a kira shi ɓarawo a gaban 'ya'yansa ba," in ji Auta. "Ya aika a aro masa a-kori-kura. Wai yau ɗin nan za mu koma garinsu."

Garinsu kuwa ba nan kusa ba ne, tafiya ce ta a kwana a hanya.

Gaskiya ɗaya ce, Mai Sawu bai taɓa son surukin nan nasa ba. Mutum ne da ba ya magana sai an matse shi, sana'arsa kuma daga asuba zuwa magariba ƙwanƙwasa ce da ƙarar gwangwani. Amma katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, kuma katangar tana da wata ɓaraka da ya ƙi gyarawa da gangan, domin ta nan jikokinsa ke ɓullowa kowace safiya su cinye masa burodi. Ya yi tunanin safiya ba tare da su ba. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a ƙarƙashin ƙasa ba.

"To ke, kin tabbata ba shi ba ne?" ya tambaya.

"Baba!"

"Tambaya na yi."

"Kai dai ba ka iya lallashi ba," in ji Tsohuwa. "Tashi ka je ka yi abin da ka iya. In ka bi ta wajen Barkono ka ƙaro min tumatir. Kwanakin baya duk kayansa sun lalace, ka taɓa ya fashe, har na daina saye. Yau kuwa ga shi garau, da sanyinsa."

"Ana maganar tashin gida kina maganar tumatir."

"Ko an tashi ai za a ci abinci."

*

Ya fara da Mahauci, domin wata maƙwabciya ta rantse ta ga sabuwar fata a bayan rumfarsa. Fatar na nan kuwa, an shanya ta a kan igiya, ƙudaje na ta biki.

"Duba da kyau, Baba," in ji Mahauci yana wasa wuƙa. "Wannan jan bunsuru ne. Sai dai in akuyar Ciyaman ta yi rini kafin ta mutu, ta kuma sake jinsi."

Mai Sawu ya juya fatar, ya shinshina, ya yarda.

"Da ni na yanka ta ma da an ji ƙamshin sabulu a tsiren," Mahauci ya ƙara. Hannunsa bai tsaya ba. "Ni abin da ya dame ni ramin ne, yarana ta nan suke bi zuwa makaranta. Allah dai ya saka wa Ciyaman da ya sa aka kewaye shi da ƙaya."

Daga nan ya wuce shagon Mai Walda. An ce wanda ya yi murfi shi ya fi kowa sanin yadda ake cire shi, kuma in an sace ai shi za a sake ba aikin. A jingine da bango ga wani faifan ƙarfe mai kusurwa huɗu, daidai girman wanda ya ɓace. Mai Sawu ya ɗaga sanda ya nuna cikin murna.

Mai Walda ya cire baƙin gilashinsa, ya juya faifan. A ɗaya fuskar an riga an manna masa mariƙi da sakata.

"Ƙofar kejin kajin matata ce," ya ce. "In kana so ka ɗauka ka kai mata bayani da bakinka, ni na gaji."

"Allah ya ba da haƙuri. Wa ya sa ƙaya a bakin ramin, ka sani?"

"Ba kai ba ne? Ni da na je da sassafe na gan ta a jere tsaf, na ce wannan aikin Baba Mai Sawu ne."

Ciyaman kuwa, da ya same shi a ƙofar gida yana kallon turken da babu akuya, cewa ya yi shi bai sa kowa ba, ya ɗauka masu gadin makaranta ne. Mai gadin makaranta ya ce shi da ƙaya ba sa shiri tun yana yaro.

Saura filin gwangwan. Akwai wani jan sawu a ƙasa, alamar an ja abu mai nauyi daga wajen makaranta har ƙofar filin, kuma rabin unguwa sun riga sun bi shi sun yanke hukunci. Mai Sawu ma ya bi shi. Sawun ya kai shi ga wani mataccen firji da babu ƙofa, kaza ta riga ta yi ƙwai a ciki. Surukinsa na can cikin filin yana ɗaure katifa da igiya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya koma kan aikinsa.

*

Da rana ta take, zafi ya kore kowa daga bakin ramin, sai Mai Sawu ya koma shi kaɗai. Wannan karon bai dubi ƙasar da aka tattake ba. Ƙayar ya tsuguna ya duba.

Ɗanya ce, saran jiya. An jera rassan kai da kai, gindin kowane reshe yana kallon ramin, an danne shi da dutse don kada iska ta ja. Ta ɓangaren hanya an kafa sanda an ɗaura mata tsumma. A gefe guda kuma an cinye ganyen rassan tas, an ture biyu daga ciki, kuma a ƙarƙashinsu, inda ƙafar mutum ba ta kai ba, ga sawun kofato ya nufi bakin ramin bai dawo ba.

Ya zauna a kan dutse ya yi dariya har da tari. Akuya ta ci ƙayar kafin ta faɗa, ke nan ƙayar ta riga akuya zuwa, ta kuma riga duk wanda ya zo da safe. Wanda ya cire murfin shi ya yi shingen. Ɓarawon ƙarfe kuwa ba ya tsayawa saran ƙaya don tausayin 'yan makaranta.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin ya san wannan jeri. Haka helumansu na da, shugaban ma'aikatan rami, ya koya musu, da baki da kuma bulala: wanda ya buɗe rami ba ya shan ruwa sai ya shinge shi, gindi ciki, dutse a kai, tsumma ta hanya. Mutanen da suka sha wannan bulala duk sun mutu ko sun watse. Su biyu suka rage a unguwar.

Ya leƙa bakin ramin. A kusurwa ɗaya simintin ya ɓare, akwai sabon karce da ya gangara ciki. Ya ƙyasta ashana ya miƙa hannu, harshen wutar ya sunkuya ƙasa. Ramin na shan iska, wato yana da inda yake fitar da ita.

*

"Ajiye katifar nan ka ɗauko igiyarka mafi ƙarfi," ya ce wa surukinsa.

Mai Gwangwan bai tambayi dalili ba sai da suka isa, ya ga tsohon yana ɗaura igiya a ƙugu yana gwada tocila.

"Baba, ni ya kamata in shiga."

"Ka iya bambance bakin hanya da bakin kabari a can ƙasa? Riƙe nan. In ka sake ni, ka san abin da za ka gaya wa Tsohuwa."

Mai Gwangwan ya ɗaura ɗaya bakin a gindin bishiya, ya naɗa a hannu, ya dinga saki kaɗan-kaɗan. Mai Sawu ya lura cewa ko sau ɗaya igiyar ba ta fizge ba. Bai so ya lura ba, amma ya lura.

Ramin bai yi zurfin da ake tsoro ba. Shekaru sun zubo da yashi sun tara tudu mai laushi a ƙasa, kuma a tsakiyar tudun ga murfin a tsaye, ya nitse da kusurwa ɗaya. Kusa da shi ga gurbin da akuya ta faɗo ta gangara, ga kashinta, ga sawunta ya shige wata hanya da ta miƙe cikin duhu. Ya kwance igiyar daga ƙugunsa.

"Jira ni nan," ya yi kira sama. "Yanzu zan dawo."

Ya sunkuya ya shiga. Warin wurin ne ya fara gaishe shi, warin jiƙaƙƙen dutse da ruɓaɓɓen katako, sai ya ji kamar jiya ya bar aiki. Yana tafe yana ƙwanƙwasa rufin da sanda. Inda ya amsa da ƙarfi ya wuce, inda ya amsa kamar fasasshen tulu ya raɓa ta gefe yana addu'a. Tsofaffin ginshiƙai na tsaye har yanzu, wasu sun rusuna don tsufa. Layin dogon da ake tura kurar duwatsu a kai ya zama jan gari. Jemagu suka tashi suka zage shi, ya ba su haƙuri.

Hanyar ta rabu biyu, ta sake rabuwa. Bai damu ba. Sawun akuya na gabansa, iska mai sanyi na tura shi ta ƙeya, su biyun kuma bakinsu ɗaya. Hanyar ta yi ta gangarawa. Can sai warin ya sake, ya ji ƙamshin albasa.

Ya kashe tocila, domin akwai haske a gaba. Kwanduna ne jere a kan katako, tumatir da tattasai da kabeji, kowanne da sanyinsa. A tsakiyarsu ga farar akuya ɗaure da ƙafar benci, cikinta ya yi tim. A gabanta Barkono ne durƙushe, yana miƙa mata ganyen kabeji yana roƙo.

"Ci ki yi shiru, don Allah. Me kuma kike so? Karas? Kin cinye karas."

"Ba ta latas," in ji Mai Sawu daga cikin duhu.

Barkono ya zabura har kansa ya bugi rufi. Da ya gane mai maganar sai ya zauna a kan kwando, ya dafe kai.

"Na san kai ne za ka zo," ya ce. "Tun da na ga ka tsaya kana kallon ƙayar nan da safe na ce shi ke nan."

"Da safe ban gane ta ba ma. Sai da rana."

"Ka tsufa ke nan."

"Kai kuma ka yi ƙuruciya, kana satar murfi."

Barkono ya rantse ba sata ya je yi ba. Bakin wannan hanya a bayan shagonsa yake, a gindin tudu, ya rufe shi da labule da tsohon kabad tun shekarun da ya fara sana'a. Iskar da ke shiga ta ramin makaranta ita ke fitowa nan da sanyinta, ita ce firjinsa da ba ya jiran wuta. Ranar da aka rufe ramin iska ta tsaya cak, kaya suka fara ruɓewa kwando-kwando. Jiya ya je da dogon ƙarfe don ya ɗan ɗaga murfin ya sa dutse, tazarar tafin hannu kawai. Murfin ya juya ta kusurwa ya sulale ciki.

"Garin neman gira," in ji Mai Sawu.

"Na rasa ido. To zan bar rami a buɗe yara na wucewa? Na sari ƙaya na shinge. Ina zan tuna cewa abin da ke korar mutum shi ke kiran akuya? Da asuba na buɗe labule na tarar da wannan baiwar Allah a cikin kabejina. In fito da ita, a ce daga ina? In bar ta, ta cinye ni."

"Shi ya sa ka yi shiru aka ɗora wa yaron mutane."

Barkono bai ɗago ba.

"Na ɗauka surutu ne za a yi a watse. In kwamiti suka san da wurin nan toshe shi za su yi da siminti, Sawu. Ban da wata sana'ar."

"Yana can yana ɗaure katifa. Yau zai tafi da Auta da yaran."

Akuya ta ci gaba da tauna.

"Ba zan kira sunanka ba," Mai Sawu ya ce. "Mun daɗe tare, ka taɓa jawo ni daga ƙarƙashin ƙasa da hannunka. Amma zan faɗi abin da ƙaya ta gaya min. Ka san ƙofar makaranta."

Ya ɗaga labulen, ya ratsa ta bayan kabad ya fito cikin shago, ya zaɓi tumatir masu kyau ya zuba a aljihu saboda saƙon Tsohuwa.

Sai da ya hau tudu ya hango bishiyar sannan ya tuna ya bar mutum riƙe da igiya. Mai Gwangwan na kwance rub da ciki a bakin ramin, ya cire takalma, ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, yana kira da muryar da ta dishe.

"Baba, ka amsa mana. Baba, ga ni nan shigowa."

"Shiga ina?" in ji Mai Sawu daga bayansa.

Mutumin ya juyo. Fuskarsa duk ƙasa da hawaye, ya yi sauri ya goge da hannun riga, ya ƙara mata tsatsa. Mai Sawu ya ji kunya, ya kuma ji wani abu mai daɗi da bai shirya masa ba. Ya gaya masa murfi na ƙasa, akuya na da rai, da yamma kowa zai ji.

"Na gode, Baba," in ji Mai Gwangwan yana naɗe igiya. "Amma na riga na ga idanun mutane da safe. Ko an wanke ni, gobe in cokali ya ɓace ni za a kalla."

Ya saɓa igiyarsa ya tafi.

*

Harabar makaranta ta cika. An ajiye bencin waɗanda ake zargi a gaba, Mahauci da Mai Walda na zaune a kai suna harare-harare, an bar gurbin Mai Gwangwan babu kowa. Ciyaman ya nuna gurbin ya ce mai gaskiya ba ya gudun taro.

Mai Sawu ya miƙe. Ya wanke jan bunsuru, ya wanke ƙofar kaji, ya wanke mataccen firji. Sannan ya tambayi taron wanda ya shinge ramin da ƙaya. Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Ba ku ba ne, domin akuya ta ci ƙayar tun kuna barci. Wanda ya cire murfi shi ya yi shingen. Murfin kuma bai je ko'ina ba, yana ƙasan ramin, na taɓa shi da hannuna. Ku gaya min mai gwangwan da zai samu sabon ƙarfe ya jefa a rami, ya tsaya yana yi wa 'ya'yanku shinge. Jerin ƙayar nan na mutanen rami ne. A unguwar nan kuwa mu biyu muka rage da muka iya shi."

Ciyaman ya ƙura masa ido.

"Ɗaya kai ne ke nan."

"Wannan?" in ji Tsohuwa daga cikin mata. "Mutumin da bokitin wanka ma sai an kai masa?"

Ana cikin dariya aka ji kukan akuya daga bakin ƙofa. Barkono ne ya shigo yana jan ta, ko kuma ita ke jansa, da ganyen kabeji a bakinta. Ciyaman ya manta da girma ya ruga ya rungume ta, yana duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya.

Barkono ya tsaya a tsakiya ya faɗi komai, bai rage ba, har da labule da kabad. Muryarsa da aka saba ji daga ƙarshen unguwa yau sai an kasa kunne. Da ya gama aka yi ta hayaniya, wasu na cewa a toshe, matan da ke sayen kayansa na cewa a toshe a ci me. Mai Walda ne ya raba gardama. Ya ce laifin faifai ne, in aka yi murfin da sandunan ƙarfe kamar tagar kurkuku, iska ta wuce, yaro da akuya ba su wuce ba. Sai dai sanduna masu kauri irin wannan wuri ɗaya ake samunsu a unguwar.

Sai a lokacin aka sake duban gurbin da ke kan benci.

"To ai sai a kira shi," in ji Ciyaman yana shafa kunnen akuya. "Kuskure ne, kowa na yi."

Mai Sawu bai tsaya jin sauran ba.

*

A-kori-kurar na ƙofar gida an lafta mata kaya, gado da katifu da tukwane da keken ɗinkin Auta. Yaran na zaune a kan buhun tufafi. Auta na tsaye da mayafi a hannu. Direba ya riga ya tayar da mota.

Barkono ya biyo baya da gudu yana haki, ya durƙusa a gaban Mai Gwangwan, tsoho da shi, ya nemi gafara. Mai Gwangwan ya ɗaga shi da sauri ya ce ya yafe har ga Allah. Amma bai kwance ko igiya ɗaya ba.

Mai Sawu ya tsaya yana neman abin faɗa. Ya iya karanta ƙasa, ya iya jin maganar dutse, amma bai taɓa roƙon suruki ba, bai san ta inda ake farawa ba. Sai ya jingine sandarsa, ya taka ya je bayan motar, ya kama kan keken ɗinki ya rungumo shi.

Nauyin ya fi yadda ya zata. Ya yi tangaɗi da shi.

"Baba, kawo," Mai Gwangwan ya ce da sauri, ya karɓe. "Ina za a kai?"

"Ciki."

Mutumin ya tsaya da keke a hannu, ya dubi motar, ya dubi ƙofar gida. Ba a ajiye kayan da suruki ya miƙo a ƙasa. Ya shiga da shi ciki. Kafin ya fito tsohon ya riga ya kama babbar tukunya.

"Baba, don Allah."

"Karɓi mana, bayana zai ɓalle."

Ya karɓa ya kai. Ya dawo ya tarar da shi yana kokawa da ƙafar gado. Auta ta sa mayafi ta rufe baki, tana danne dariya. Yaran suka gane wasan, suka dira suka fara miƙa wa kakansu duk abin da hannunsu ya kai, shi kuma yana nishi tun kafin ya taɓa. Mahauci da Mai Walda suka iso suka kama katifa ba tare da an ce musu ba, Ciyaman ma ya ba wani riƙon akuya ya ɗauki fitila.

Da motar ta koma fayau, direba ya leƙo ya tambaya ko har yanzu ana tafiyar.

Mai Gwangwan ya tsaya a ƙofar gidansa, gumi na zuba, ya dubi tsohon da ke zaune a kan dakali yana haki kamar shi ya yi aikin.

"Baba, da ka ce in zauna ai da na zauna."

"To zauna mana," in ji Mai Sawu, ya matsa masa wuri a kan dakalin.